Araha Ba Ta Ado

Wani manomi a Boko, cikin ƙasar Kusada, ya sayar da wakensa da kaka, ya tafi kasuwar Caranci, ya sayo agogo mai ruwan zinariya da wuƙa mai ƙyalli, duka da araha. Ruwan farko na damina ya shiga agogon, ya tsaya cik. Ran Layya kuwa, ana cikin fiɗa sai bakin wuƙar ya lanƙwashe, har sai da ya aika aro maƙwabta. Baffansa ya dube shi, ya ce, "Ɗana, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

To, ga abin da mai saye zai duba. Wuƙar da maƙera ke ƙerawa da sifirin mota tana riƙe kaifi, amma tana tsatsa in ba a shafa mata mai. Ƙarfe marar tsatsa, wanda aka gano a Sheffield ta Ingila cikin 1913, ya huta da wannan, sai dai wasa shi ya fi wuya. A tabbata ƙarfen ya shige ƙota sosai, a kuma sa baduku ya ɗinka mata kube.

Agogon batir ya fi na wani riƙe lokaci. A nemi mai rufaffen baya, wanda ruwa da ƙurar hunturu ba sa shiga, kuma wanda mai gyara a Kankiya ke da batirinsa.

Da kaka ta zagayo, manomin nan ya tafi kasuwa tare da baffansa.