Su Sun Fara da Mutane, Mu Muna Farawa da Siminti

Jiya a ofis aka ajiye mini fayil na wani ɗakin taron al'adu da ake son sakawa a kasafin kuɗin baɗi. Na duba takardun kaf. Akwai kuɗin siminti da rodi da kwanon rufi da janareto, har da kujerun manyan baƙi. Amma babu sunan ƙungiya ko ɗaya da za ta riƙa wasa a ciki. Wallahi sai jikina ya yi sanyi, domin shekarun baya ni da hannuna na rubuta takardar neman amincewa da irin wannan gini a ƙaramar hukumarmu. Yau kwaɗo ne a ƙofarsa, ba a buɗewa sai za a yi walima ko taron siyasa.

Wannan ya tuna mini da tarihin wani gari da na daɗe ina karantawa, wato Wexford, a kudu maso gabashin ƙasar Ireland. Ƙaramin gari ne na bakin teku, mutanensa kusan 20,000 ne da 'yan kai. Amma duk kaka masoya opera daga ƙasashe daban-daban can suke nufa. Ga wanda bai sani ba, opera wasan kwaikwayo ne na dandamali wanda da waƙa ake yin zancen cikinsa, ga makaɗa suna raka muryoyin.

Yadda abin ya faro ne ya fi burge ni. Wasu mutanen garin suna da 'yar ƙungiyar da suke haɗuwa su saurari opera a faifan garmaho. A 1950 suka gayyaci marubucin nan Compton Mackenzie, wanda ya kafa mujallar Gramophone, ya yi musu lacca. Shi ne ya ba su shawarar su shirya wasan da kansu a tsohon gidan wasan garin, maimakon su tsaya ga sauraron faifai. Wani likita, Dokta Tom Walsh, ya ɗauki maganar da gaske. Shi da abokansa, ciki har da mai otal da ma'aikacin gidan waya, suka bi mutane suna neman gudummawa. A watan Oktoba na 1951 suka yi bikin farko da wasan The Rose of Castile na Michael Balfe, ɗan ƙasarsu.

Jama'a, ku lura, ba su jira an yi musu gini ba. Gidan wasan da suka samu, Theatre Royal, tun wajen 1830 yake, ga shi matsattse. 'Yan amshi mutanen gari ne masu wasu sana'o'in, masu aikin bayan fage da masu nuna wa baƙi kujera 'yan sa-kai ne. Sannan sun san iyakar ƙarfinsu. Ba za su iya gogayya da Landan ko Milan a sanannun wasanni ba, don haka suka koma tono wasannin da aka manta da su, suna ɗauko matasan mawaƙan da ba su yi tsada ba tukuna. Wanda ke son ganin abin da ba a nunawa a manyan birane, dole ya zo Wexford.

Sai a 2008, bayan shekara 57, aka buɗe sabon gidan opera a wurin da tsohon yake. Ya ci Yuro miliyan 33, mafi yawan kuɗin daga gwamnati. A 2014 aka ba shi matsayin gidan opera na ƙasa. Kun ga ke nan gwamnati ta sa kuɗi, kuma masu yawa, amma ta zuba su ne a kan abin da ya yi fiye da rabin ƙarni yana numfashi.

Kafin wani ya ce na zo da zancen Turawa, ba cewa nake a kawo mana opera ba. Muna da namu. Ina sakandare akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo a garinmu: malamai biyu, wani tela, wani malamin asibiti da ɗalibai. A filin firamare suke yi da fitilar aci-balbal, mutane su cika maƙil. Da aka yi wa malaman canjin wurin aiki, shi ke nan ta watse. Lokacin da nake rubuta waccan takarda ban nemi ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ɗan kwangila na zauna da shi, ban zauna da telan ba. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Mu ma'aikata mun san dalili. Gini ana ganinsa, ana yanke kirtani, ana ɗaukar hoto. Ɗan tallafin da zai riƙe ƙungiya shekara goma kuwa ba shi da ranar buɗewa, kuma ba wanda zai samu kwangila a ciki.

To ni dai ga abin da na rubuta a fayil ɗin kafin na mayar: a fara kawo sunayen ƙungiyoyin da ke wasa a yankin, da inda suke yi yanzu, da abin da suke buƙata. Wataƙila oga ya tsallake bayanina ya sa hannu, ba yau aka fara ba. Amma ku da ke ƙananan garuruwa, ku faɗa mini: akwai ƙungiyar da ta rage a wajenku? Su wa ke riƙe da ita?