Ƙarin da Ya Ari Kamannin Hanji

Manomin Wurno, Rabah ko Goronyo da aka tura Sakkwato ɗaukar hoton ciki kan iya jin cewa an ga ƙari mai yauƙi a fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Bai zama sankara ba tukuna, amma yana iya rikiɗewa. Wani nau'insa kan koma tamkar bangon hanji. Sinadarin CDX2, mai tsara hanji, shi ke jagorantar wannan sauyi, sau da yawa tare da lahani a ƙwayar gado ta GNAS, wanda aka gano a 2011. Irin wannan ya fi zama a babbar magudanar gaɓar, shi ya sa likitoci kan gaggauta tiyata. Cire shi da wuri kan ceci rai.