Kafin ka kai kuɗin kakarka wurin mai murhun gas

Kaka ta yi, an kai wake da gyaɗa kasuwa, kuɗi sun ɗan shigo hannu, ga bukukuwan aure sun jeru. A irin wannan lokaci ne hotunan murhun gas suke yawo a WhatsApp, irin dogon nan mai tsayuwa da ƙafarsa, mai baki huɗu a sama da gidan gashi a ƙasa, ana tambaya ko wannan ya yi, ko akwai mai sauƙin kuɗi a Maraɗi. Bari in faɗi nawa ra'ayin a nan, wanda ya ga wurin gyara ya gyara.

A ganina, ga yawancin gidajenmu na Kona da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya fara da wannan dogon murhu ba. Ba gas nake kushewa ba, ina cikin masu son ya shiga kowane gida. Abin da nake cewa shi ne waɗanda suka ƙera wannan murhu ba su san tukunyar tuwo ba.

Ku duba yadda ake tuƙi a gidan da ake ciyar da mutum goma ko sha biyar. Tukunya ce babba ta dalma, mai zagayayyen gindi, irin wadda maƙeranmu ke zubawa. Uwargida tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta kama muciya da hannu biyu, tana sa ƙarfin ƙirjinta duka, wani lokaci har sai an riƙe mata tukunyar. To a ɗauki wannan aiki a ɗora shi a kan murhun da tsawonsa ya kai ƙugun mutum, wanda ƙarafan samansa sirara ne da aka yi domin ƙananan tukwane masu shimfiɗaɗɗen gindi. Tukunyar ba za ta zauna daidai ba, ƙarafan za su lanƙwashe, kuma talge mai tafasa yana daidai cikin mai tuƙi da kan yaron da ke riƙe da zanenta. Baki huɗun ma da ake yabo sun matsu da juna: tukunya babba guda ta hau, ta rufe biyu. Ka biya kuɗin huɗu, kana aiki da ɗaya.

Gidan gashin kuwa, ku gaya mini gaskiya, a gida nawa ake kunna shi? Mai son burodi yana da mai burodi, mai son nama yana da mahauci. In ka buɗe shi bayan shekara, faranti da murafen tukwane za ka tarar, in ba a yi sa'a ba har da ɓera ya yi sheƙa a audugar jikinsa. Amma shi ne ya ci kaso mai yawa na kuɗin da aka biya.

Inda lissafin yake da gaske shi ne abin da murhun zai ci. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gas ɗin girki ya zama namu na gida, kuma hukuma ta ɗaure farashinsa, har cika ƙaramin butali mai kilo 6 bai kai jika biyu ba a farashin hukuma. Wannan alheri ne babba, maƙwabtanmu na Najeriya suna sayen nasu da tsada fiye da haka. Sai dai farashin hukuma a bakin wurin cikawa yake. Kai da ke ƙauye sai ka haɗa da kuɗin ɗan kabu-kabu ko na motar ranar kasuwa, zuwa da dawowa, da ribar mai shago. Ga lokutan da gas ke yankewa, a yi ta yawo da butali babu inda za a musanya.

Babban bakin murhu in an buɗe shi sosai yana shan wajen giram 200 a awa guda. Ke nan kilo 6 zai ba ka kamar awa 30. Gidan da ke girki awa uku a rana a kan wuta mai ƙarfi, kwana goma butali ya ƙare, sau uku ke nan a wata. In aka ce har da dafa wake, da dawon fura, da ruwan wankan mai jego, to ko mako ba zai kai ba. Maigidan da bai yi wannan lissafi ba kafin ya saya, shi ne za ka ji yana faɗa wai ana masa ɓarnar gas, alhali girkin gidansa ne ya fi ƙarfin aljihunsa. Daga nan sai a lulluɓe murhu da leshi, a koma kan duwatsu uku.

Shi ya sa nake cewa butali na biyu ya fi baki na uku da na huɗu amfani. Gas ba ya sallama kafin ya ƙare, a tsakiyar miya yake ɗaukewa. Kuma kafin ka sayi butali, ka tambayi mai shagon da ya fi kusa da kai na wane kamfani yake karɓa, don ba kowa ke musanya na kowa ba.

Murhun lantarki kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma duk mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wanda tukunyarsa ke jiran wutar kamfanin NIGELEC ya sha azumin dole. Ko da wutar tana nan, murhun lantarki guda yana jan abin da ya fi na fitilu da fanka da talabijin na gida gaba ɗaya, ƙaramin faifan hasken rana na cajin waya kuwa ba zai ko motsa shi ba.

Wani zai ce to a zauna a kan itace mana, ai kyauta ne. Wanda bai taɓa zuwa itace ba ne ke cewa haka. 'Yan mata ke bin gonaki suna tsintar sabara da kalgo da kara, da damina a hura jiƙaƙƙen itace har idanu su yi ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Jiharmu ta Maraɗi ta yi suna a duniya da sassabin zamani, wanda ya fara bazuwa tun wajen 1983, manoma suna barin tohon itatuwa a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, har gawo da 'yan'uwansa suka dawo a miliyoyin kadada. Rassan da ake sassabewa sun rage wa mata tafiya. Amma bakin da ake ciyarwa yana ƙaruwa kowace shekara, kuma murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa, kaɗan ne ke shiga tukunya.

Maganin wannan kuwa ba sabo ba ne. Tun shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi a Nijar, akwai kuma na laka da ake kira Albarka, wanda mace za ta iya ginawa da yumɓu da ƙaiƙayi daidai gindin tukunyarta. Duka biyun suna tare iska, suna tattara wuta a ƙarƙashin tukunya, itace ya ragu a ido. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake raina su don ba su da ƙyalli, alhali su ne suka san tuwo.

Don haka in ni ne ke da 'yan kuɗi, zan raba aikin gida biyu. Tuwo, wake, da duk abin da ke daɗewa a wuta, su tafi kan ingantaccen murhun itace. Koko, shayi, miya, ɗumame, shinkafa ko taliyar yara, da girkin sahur, su hau gas. Na gas ɗin kuma gajere zan saya, mai baki ɗaya ko biyu, mai kaurin ƙarfe, wanda ake ajiyewa a ƙasa, ko kan da ake ɗaurawa a saman ƙaramin butali da zoben ƙarfe mai ƙarfi. Abin da ya rage in ƙara butali, in ajiye kuɗin cikawa na wata biyu.

Ban ce kowa ba. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke zaune a Tasawa da iyali kaɗan, da ɗakin girki na siminti, da albashi mai shigowa, ko matar da ke sana'ar gashin kek, dogon murhu zai yi musu. In za ku saya, ku tafi da tukunyar gidanku ku ɗora a gaban mai shago. Ku ɗaga ƙarafan saman ku ji nauyinsu, ku girgiza murhun ku ga ko yana rawa. A haɗa gas a kunna kowane baki: wuta shuɗiya ake so. In ta tashi ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, akwai matsala, kuma an fi samun haka a na gwanjo da aka kwaso daga Turai, don yawancinsu an saita su ne da gas ɗin bututun birni, ramin da gas ke fita ya yi wa namu na butali faɗi, sai an canza shi. Ku tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Maraɗi. Murfin gilashi da maɓallin kunnawa na lantarki kada su ruɗe ku, ashana ta wadatar.

Inda ba a yin arha shi ne tiyo da kan butali. A sayi tiyon gas na ainihi, ba na ban ruwan lambu ba, a ɗaure bakinsa da ƙarfe. In ana zargin yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a ga ko zai yi kumfa, ba a gwadawa da wuta. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka in an ji wari a buɗe ƙofa a rufe butali kafin komai. Butali ya tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da murhun itace. Madafar da aka kewaye da zana tana bukatar kariya daga iskar hunturu, don tana iya kashe wutar, gas ya ci gaba da fita.

Na san abin da ke tura iyaye mata ga mai baki huɗu: ranar jere, 'yan ganin ɗaki, da abin da dangin ango za su ce. Ba na raina wannan, duk muna cikin jama'a. Amma ya ku iyayenmu mata, da ku iyaye maza masu cire kuɗin, ku kira yarinyar da za ku aurar ku tambaye ta gidan mutum nawa za ta shiga, ita kaɗai za ta riƙa girki ko da tukunyar gandu, kuma ko angon zai iya cika butali sau uku a wata. In amsar a'a ce, ku saya mata gajeren da butali biyu, ragowar kuɗin ku sai mata tunkiya.