Kafin a kashe na'ura, a tambayi me ke kanta

Jama'a, tunda maganar mayar da aikin gwamnati kan kwamfuta ta kankama, har an ba ma'aikatun tarayya wa'adin ƙarshen 2025 su rabu da takarda, akwai abin da nake ganin ba ma tattaunawa.

Fayil ɗin da ka ajiye yana zaune ne kan wasu manyan kwamfutoci da aka haɗa kamar garke, in ɗaya ta tsaya sauran su ɗauki nauyinta. Shi ya sa injiniya kan kashe guda don gyara ba wanda ya ji. Amma fa da sharaɗi: sai ya tabbatar babu abin da ke kanta ita kaɗai, kuma sauran suna da wurin ɗaukar kayanta.

Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon a Amurka ya je cire 'yan na'urori kaɗan daga ma'ajiyarsu ta S3. Kuskure wajen rubuta umarni ya sa aka cire da yawa, har da masu riƙe da lissafin inda kowane fayil yake. Kusan awa huɗu shafukan intanet da dama suna tsaye. Duk wanda ya yi aiki a rajista ya san wannan: in kundin shige da fice ya ɓace, fayil ɗin da ke cikin kabad ma ɓatacce ne.

Na Koriya ta Kudu ya fi muni. A Satumban 2025 gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon ana cikin sauya wa batura wuri. Sai ga shi G-Drive, inda ma'aikata ke ajiye aikinsu, ba shi da kwafi a ko'ina. Terabait 858 suka salwanta.

Mu da ke sa hannu a takardar amincewa da gyara ba sai mun zama injiniyoyi ba. Tambaya uku ta isa: me ke kan na'urar, ina kwafinsa, kuma yaushe aka gwada dawo da shi? In ba amsa, a dakata tukuna. Takardun fanshon wani bawan Allah da ya yi shekara 35 yana aiki na iya zama a kanta.

Allah ya kyauta.