Saƙon da aka goge ma yana ba da shaida

Duk ma'aikacin da ya kai ubangidansa ƙara kan wariya ko cin zarafi a wurin aiki, tambaya ɗaya ce ke jiransa a bakin kotu: ina hujjarka? To ga inda gizo ke saƙar. Takardun albashi, rahoton da ake rubutawa kan kowane ma'aikaci, saƙonnin da shugabanni ke aika wa junansu, duk suna hannun wanda ake ƙara. Wuƙa da nama suna wurinsa. Shi ya sa a irin wannan shari'a, kafin a kai ga wa ke da gaskiya, sai an sha dambe kan wa zai fito da takardu.

Akwai wata shari'a a Amurka da na daɗe ina so in ba ku labarinta. Wata mata ce, Laura Zubulake, ma'aikaciyar bankin UBS Warburg. Ta yi kukan cewa shugabanta na ware ta, yana wulaƙanta ta saboda ita mace ce. A watan Agusta na 2001 ta kai kuka hukumar gwamnati mai kula da wariya a wurin aiki. Ba a cika wata biyu ba, a watan Oktoba, aka sallame ta. A farkon 2002 ta shigar da ƙara.

A tsarin shari'ar Amurka, kowane ɓangare na da damar neman ɗayan ya fito da takardun da suka shafi ƙarar. Laura ta nemi saƙonnin imel da aka yi musaya a kanta. Bankin ya kawo kimanin shafi 100. Ita kuwa, abin da ta adana da kanta ya kai shafi 450. Kun ga ke nan, ko ba a faɗa ba, akwai abin da bai fito ba. Bankin ya ce sauran saƙonnin suna cikin kaset-kaset na ajiya, kuma farfaɗo da su zai ci maƙudan kuɗi.

Mai shari'a Shira Scheindlin, ita ma mace, ta bi hanya mai hikima. A 2003 ta ce daga cikin kaset 94, a bar Laura ta zaɓi biyar a buɗe a gani. Biyar ɗin nan kaɗai suka fitar da saƙonni kusan 600 masu alaƙa da ƙarar. Sai ta raba kuɗin buɗe sauran: banki ya biya kashi 75 cikin ɗari, Laura ta biya 25. Daga baya kuma aka gano wasu ma'aikatan bankin sun goge saƙonni bayan lauyoyinsu sun ce a adana komai, wasu kaset ɗin ma sun ɓace. A 2004 mai shari'ar ta yanke cewa mutanen garin da aka zaɓo su yanke hukunci suna da damar ɗaukar cewa abin da aka goge, da ya fito, da banki ya kwana ciki. A watan Afrilu na 2005 suka ba Laura gaskiya, da diyyar dala kimanin miliyan 29.

Abin da ya tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne. Shafi 450 ɗin nan ne. Da ba ta adana nata ba, da me za ta nuna cewa bankin ya ɓoye wani abu?

Dalilin da ya sa maganar ke damuna shi ne wata 'yar ƙanwata. Ta yi aikin sakatariya a wani kamfani mai zaman kansa. Shugabanta ya riƙa turo mata saƙon murya ta WhatsApp da tsakar dare, maganganun da ba su faɗuwa. Duk wanda ya shigo, sai ta goge nan take, don gudun kada mijinta ko wani a gida ya ji. Da ta ƙi ba da kai, sai aka fara cewa ba ta iya aiki ba, aka sallame ta. Wayar ma ta kamfani ce, ranar da ta fita aka karɓe. Ta zo ta same ni tana kuka, ta ce: "Kawu, wallahi ba ƙarya nake ba." Na ce mata: "'Yata, ni na yarda da ke. Amma alƙali ba kawunki ba ne." Maganar ta mutu a nan, mutumin kuwa yana nan kan kujerarsa.

Mu a Nijar tsarin shari'armu ba irin na Amurka ba ne, mun fi kusa da na Faransa. Amma doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta haramta wariya da kuma matsa wa ma'aikaci da neman lalata, dokar hukunta laifuka ma ta ɗauke shi laifi. Akwai sufeton ƙwadago, akwai kotu. Sai dai dukansu da hujja suke aiki, kuma kunya ce ke cinye mana hujja tun kafin a je gabansu.

Don haka 'yan uwa mata, da maza ma, don ba a bar su ba: kada a goge. A ɗauki hoton saƙo yadda lamba da rana da lokaci za su fito. A tura saƙon murya zuwa wata wayar da ba ta wurin aiki ba. A sami littafi a riƙa rubuta abin da ya faru, ranar da ya faru, da wanda ke wurin. A adana takardar kwangila da ta albashi. In za a kai kuka ga shugabanni, a yi shi a rubuce, a riƙe kwafi. Amma kada a kwashi sirrin kamfani da bai shafi maganar ba, don hakan na iya juyewa kan mutum.

A kuma sani, takobin nan kaifi biyu gare shi. A 2010, a jihar Indiyana, a shari'ar wani kamfani mai suna Simply Storage, kotu ta umarci matan da suka ce cin zarafi ya jefa su cikin matsanancin ƙunci su fito da abubuwan da suka wallafa a Facebook da MySpace masu nuna halin da zuciyarsu ke ciki. Mai neman a buɗe akwatin wani, ya shirya a leƙa nasa. Wannan fallasa ita ke sa mata da yawa haɗiye baƙin cikinsu, kuma aikin alƙali ne ya ja layi tsakanin neman gaskiya da tozarta mai ƙara.

Ku kuma masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, takarda ba abokiyar gaba ba ce. In an yi wa shugaba ƙazafi, saƙonnin nan ne za su wanke shi. Wanda ya yi saurin gogewa, shi ya jawo wa kansa zargi.

Iyaye da mazaje, namu ya fi nauyi. Muddin yarinya ta fi tsoron abin da za a ce a gida kan abin da ake yi mata a ofis, to za ta ci gaba da gogewa. Allah ya kare mana 'ya'yanmu, ya ba mai gaskiya gaskiyarsa.