Kwana biyar bisa keke a gaɓar tabkin Kivu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A watan Yuli na 2024 wani taron aiki ya kai ni Kigali, babban birnin Ruwanda, kuma da aka watse sai wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ce ba zai bar ni in koma Yamai ba sai na ga yammacin ƙasarsu. Ya ce akwai wata hanya da ake kira Hanyar Kongo da Nilu, wadda hukuma ta buɗe wa baƙi a 2011, tana bin gaɓar tabkin Kivu daga Rubavu a arewa har Rusizi a kudu, tsawon kilometir 227. Mai tafiya da ƙafa kan yi kwana goma, mai keke kwana biyar. Da na ji lissafin sai na yi dariya, don tazarar ba ta kai ta Maradi zuwa Damagaram ba, ni kuwa tun ina ɗan lakkal nake bisa keke. Abokina ya yi murmushi kawai, ya haɗa ni da wani saurayi mai yi wa baƙi jagora.

A Rubavu aka ba ni hayar keken hawan dutse. Tayoyinsa masu kauri ne da kaushi don su riƙe tsakuwa da laka, a gabansa akwai ƙarfe mai lotsawa da ke shanye jijjiga, a bayansa kuma jerin haƙoran sarƙa manya da ƙanana, waɗanda mahayi ke sauyawa gwargwadon tsaurin hawa. Aka ɗora mini hular kwano. Jagoran ya duba birki sau biyu, ya ce: "Muzehe, hawa gajiya kawai yake sa mutum. Gangara ce ke kai shi gidan likita." Muzehe a bakinsu shi ne dattijo.

Kafin azahar na gane dalilin murmushin abokina. Tsawon tabkin kansa bai wuce kilometir 90 ba, amma hanyar tana shiga kowane lungu na gaɓa, ta hau tudu, ta gangara kwari, ta sake hawa, ta ratsa gonakin ayaba da na kafe. Ga shi kuma fuskar ruwan tana bisa metir 1,460 daga teku, tuddan suna sama da haka nesa, shi ya sa numfashin mutumin da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke ƙarewa da wuri. Sau da yawa na sauka na tura keke, yara suna biye da ni suna dariya.

Sunan hanyar daga tuddan nan ya fito. Ƙashin bayansu shi ne ke raba ruwan sama gida biyu. Wanda ya zuba ta yamma yana gangarawa Kivu, ya bi kogin Rusizi zuwa tabkin Tanganika, daga nan kogin Kongo ya kai shi tekun Atlantika. Wanda ya zuba ta gabas yana bin Nyabarongo da Akagera zuwa tabkin Biktoriya, ya shiga Nilu, ya ratsa Sudan da Masar.

Daren farko mun kwana kusa da Kinunu, inda akwai ma'aikatar wanke ƴaƴan kafe. Manoma kan kawo su jajaye ranar da aka tsinke su, a ɓare, a jiƙa, a wanke, a shanya bisa dogayen tebura, mata su tsince marasa kyau da hannu. Ɗan kasuwa zai gane hikimar: kafen da aka wanke haka ya fi wanda aka shanya a gida kuɗi a kasuwar duniya. Da magariba masunta suka fita, jirage uku-uku a ɗaure da juna da dogayen itatuwa, suna waƙa don tuƙinsu ya zo daidai. Da fitila suke jawo wani ɗan kifi mai suna sambaza, wanda aka kawo irinsa daga Tanganika a ƙarshen shekarun 1950, ya zama abinci da sana'ar mutanen gaɓar.

Ƙarƙashin wannan ruwa mai natsuwa, wanda zurfinsa ya kusa metir 480, akwai iskar gas mai yawa a narke, mai kamawa da wuta da mai shaƙe numfashi. Irin ta biyun ce ta fashe daga tabkin Nyos na Kamaru a 1986 ta kashe mutum wajen 1,700. A Karongi, inda muka isa bayan kwana biyu, ana hango wata ma'aikata bisa ruwa da aka ƙaddamar a 2016, tana zuƙo gas ɗin ana mai da shi lantarki.

Kafin Karongi ne gargaɗin jagoran ya tabbata. A wata doguwar gangara na matse birkin gaba da ƙarfi bisa tsakuwa, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Allah ya taƙaita, gwiwa da tafin hannu kaɗai suka goge. Waɗanda suka ɗaga ni wasu samari ne biyu masu kabu-kabun keke, ɗaya da buhunan dankali, ɗaya da tulunan madara. Kekunansu baƙaƙe ne na ƙarfe, irin na ƙauyukanmu, haƙorin sarƙa ɗaya tak. Suna tura kaya zuwa saman tudu da ƙarfin ƙirji, su sauko da gudu mai ban tsoro, kowace rana ta Allah, don abin sawa a bakin salati. Na dubi keken da na biya kuɗi don in sha wuya a kansa, na ji kunya ta kama ni. Daga wannan ƙasa ta masu keke Adrien Niyonshuti ya fito, wanda ya riƙe tutar Ruwanda a wasannin Olamfik na Landan a 2012 kuma ya yi tseren keken dutse. An kashe masa ƴan'uwa maza shida a 1994.

Baƙo ba ya ratsa tuddan nan ya kauce wa wannan shekara. Daga Afrilu zuwa Yulin 1994 an hallaka mutum wajen 800,000, galibinsu Tutsi. Kudu da Karongi akwai tuddan Bisesero, inda dubban mutane suka fake suka yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu, kaɗan suka tsira. Yankin yana cikin inda rundunar Turquoise da Faransa ta jagoranta ta shiga a ƙarshen Yuni na shekarar, da ƴan sojojin Nijar a cikinta. Jagorana an haife shi bayan abin. Ya nuna mini tudun da hannu, muka yi shiru, muka ci gaba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun daji. Dajin Gishwati da ke saman tuddan arewa an sare shi don noma da kiwo, musamman da ƴan gudun hijira suka dawo bayan 1994, har ya rage hekta wajen 600 a farkon shekarun 2000. Tudun da ya rasa itace ba ya riƙe ƙasa, sai zaizaya da zabtarewa suka yawaita. Dokar 2015 ta mai da Gishwati da Mukura gandun ƙasa, ana ta dashe, amma gyara ba ya sauri kamar ɓarna: a farkon Mayun 2023 ambaliya da zabtarewar ƙasa sun kashe fiye da mutum 130, mafi yawansu a wannan yanki na yamma. A kudu kuwa, bayan gonakin shayi, dajin Nyungwe yana nan da duhuwarsa, faɗinsa ya kai murabba'in kilometir 1,000, da birai iri 13, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2023. Tun 2017 kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandayen ke samu daga baƙi ana mayar da shi ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina lakkal ko gidan likita. Ma'aikatanmu na gandun daji sun san maganar: talaka ba ya tsaron itacen da bai ga amfaninsa ba. Haka ma hanyar keken, ribarta ita ce baƙo yana kwana a ƙauye, ya ci abincin ƙauye, ya biya jagora da mai faci, kuɗin ya tsaya a hannun mutanen wurin.

Wanda ke da niyya ya zaɓi rani, daga Yuni zuwa Satumba, don ruwan Maris zuwa Mayu yana mai da hanyar santsi. Ɓangaren arewa ya fi wuya, na kudu da yawansa kwalta ne. Ya kuma binciki halin iyaka kafin ya tashi, domin bayan tafiyata ƴan tawayen M23 sun kama Goma, maƙwabciyar Rubavu, a Janairun 2025, da Bukavu, maƙwabciyar Rusizi, a Fabrairu.

Ranar ta biyar da la'asar muka shiga Rusizi, gwiwata a ɗaure, ƙafafuna suna rawa. Jagoran ya karɓi keken, ya duba birki, ya ce: "Muzehe, ka cinye shi tas." Na biya kuɗin sabo ba gardama. Allah ya ba wannan yanki zaman lafiya, mu ma ya ba mu.