Birkin Gaba da Guntun Alli

Duk wanda ke cikin wannan kwaleji ya san tsohon babur ɗin nan nawa. In bai san shi da ido ba, ya san shi da kunne, don tun daga bakin ƙofa ake jin kukansa. Waɗansu har sun laƙaba masa suna Kaka, kuma ba su yi ƙarya ba. Na kakana ne, da shi ya riƙa zagaya makarantun mishan na ƙauyuka sa'ad da yake aikin malanta. BSA Bantam ne mai inji 125cc, ƙirar Birmingham ta ƙasar Ingila. An fara ƙera Bantam a 1948, aka daina a 1971. Wanda ya saba da baburan yanzu in ya hau shi sai ya rikice, domin giyarsa a ƙafar dama take, birkin baya kuwa a hagu.

Tun da na gaje shi birkin gaba ba ya kamawa. In ka matsa hannun birkin sai ya taho har ya taɓa mariƙi, laushi kamar kana matsa burodi. Ban damu ba, gama tun ina yaro nake jin 'yan acaɓa suna cewa birkin gaba shi ke kā da mutum, waɗansu ma da gangan suke sassauta nasu. Na ɗauka haka abin yake.

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa wani ƙauye bayan Mangu. Kafin a kai makarantar akwai gangara mai tsakuwa, a gindinta kuwa rafi. Ran nan da safe na makara, ga shi na goyo abokina, muna cikin gangarowa sai wata yarinya 'yar ajina ta fito daga hanyar rafi da littattafanta a ka. Na taka birkin baya, ƙafar ta ƙame, babur ya yi ta sulɓi a kan tsakuwa. Na damƙe na gaba da iyakar ƙarfina, ko gezau. Da na ga ba dama sai na karkata kai muka faɗa cikin shingen kyarana. Yarinyar ta tsaya tana kallonmu, ta durƙusa ta ce, "Sannu, Malam." Wunin ranar nan, duk sa'ad da na juyo daga allo na gan ta a bencin gaba, sai hannuna ya kama rawa.

Da Asabar ta zo na ɗaure notin da ke jan wayar birki, a zatona shi ke nan. Ashe ba haka ba ne, ƙafar ta riƙa gurza ko ba a taɓa birki ba, amma in an matsa ba ta tsayawa. Sai na lallaɓa da shi Bukuru wurin wani tsohon bakanike da ya koyi aiki tun zamanin kamfanonin kuza. Na ce, "Baba, a canja mini kome da kome." Ya ce, "A'a, ɗana. In ka canja biyar ya warke, wanne ne mai ciwon?"

Da waya ya fara. Ya zare ta daga rigarta, sai ga silinta uku sun tsinke, rigar kuma ta tsage tana lanƙwasa. Ya ce rabin ƙarfin hannuna a nan yake ƙarewa, bai taɓa isa ƙafa ba. Aka sa sabuwa, hannun birki ya yi tauri, na yi murna. Na hau na gwada, sai na wuce inda ya tsaya da taku wajen goma. Taurin hannu dabam, kamawa dabam, ni kuwa da na ɗauka abu guda ne.

Sa'an nan ya kwance ƙafar, ya buɗe kwanon ƙarfen nan na tsakiyarta, wanda faɗinsa inci 5 ne kacal. A cikinsa akwai fatar birki guda biyu, kowace kamar tsayuwar wata, su ke buɗewa su danne bangon kwanon. Na sunkuya zan hure ƙurar, ya buge mini kafaɗa. Ya ce fatar da aka yi a zamanin da tana da asbestos, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗaya fatar ta sha giris da ya tsiyayo daga boris, ɗayar kuwa ta yi santsi kamar madubi. Na ce a wanke da fetur. Ya ce fatar da ta sha mai, da ta ji zafi sai ta sake amayo shi. Aka sa sababbi. Ya ɗan fi, amma Baba ya girgiza kai.

Can sai ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka da alli a aljihu?" Wane malami ne zai rasa? Ya shafe fatun biyu fari fat, ya mayar da ƙafar, ya juya ta, ya matsa birki kaɗan, ya sake kwancewa. Kai! Wurin da allin ya goge bai fi faɗin babban yatsana ba, sauran duk yana nan fari, bai ko taɓa ƙarfe ba. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya sa magagari ya rage tudun, ya sake shafa alli. Sau huɗu muka yi haka, sai da allin ya goge kusan daga baki zuwa baki. Na lura bai yi gaggawa ko sau ɗaya ba, ni kuwa tun na biyu na ƙosa. Wajen ɗaurewa ya sa na riƙe birki tam kafin ya ɗaure notin tsakiya, domin fatun su zauna daidai cikin kwanon. Ya kuma nuna mini ɗan ƙarfen da waya ke ja a jikin ƙafa, ya ce in ya wuce miƙe tsaye da wayar sa'ad da aka matsa, fata ta cinye ke nan.

Game da maganar 'yan acaɓa kuwa, sai ya ce in matsa birki ina tura babur in ga ina ya sunkuya. Ya sunkuya gaba. Ya ce nauyi duk can yake komawa, ƙafar baya ta yi sakayau, shi ya sa ta yi mini sulɓi. Abin da ke kā da mutum shi ne fizgar birkin farat ɗaya, ko a kwana, ko a kan yashi. Na yi sati guda ina koyon matsa shi a hankali a filin ƙwallo, yara suna ƙidaya mini taku.

Kada ku zaci ya zama kamar na zamani. Gangarar nan har na gama gwajin koyarwa a giya ta biyu nake saukarta, kuma na daina goyo a kanta. Baba ya karɓi kuɗin waya da na fata, na aiki kuwa ya ƙi, ya ce in bar masa sauran allin. Ran Litinin hedimasta ya ƙidaya na cikin kwali, ya tarar biyu sun ɓata.